Ranar da Injin Fadama Ya Tashi

Ka ce ƙaninka ya sha magani, asibiti sun sallame shi, shi ke nan an gama. Gyara zama in ba ka misali, don ni har yau in na tuna labarin nan sai in ji jikina yana tsuma.

An yi wani mai gyaran injin ban ruwa da ƙwaya ta ci ƙarfinsa, har hannunsa ya daina riƙe sifana. Sau biyu ana kai shi asibiti yana fitowa garau, sau biyu yana komawa gidan jiya, domin in an sallame shi ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa sai kangon da abokan shansa ke taruwa. A karo na uku wata dattijuwa mai gida a bakin fadama ta ba shi ɗaki. Da ma ɗakuna huɗu ta ware don irinsa. Dokarta biyu ce: a ci tuwo kwano ɗaya, kuma ba mai wuni a kwance. Ranar da ƙishin ƙwayar ya motso masa, yana gumi yana rawar ɗari, maƙwabcin ɗakinsa da ya riga shi barin sha da shekara guda ya zauna gefensa, yana ba shi kunu da ludayi har jikin ya lafa.

Ana nan rani ya tsananta, injin manoman tumatir ya mutu, ganye ya fara langaɓewa. Dattijuwar ta taka har wurin sarkin noma ta ce, "Ku gwada ɗan gidana." Manoma suka hau gunaguni, wai ɗan ƙwaya sai dai ya kwance injin ya sayar. Sarkin noma ya ce a ba shi, shi ya tsaya masa. Wani tsohon makanike ya ara masa kayan aiki. Kwana biyu mai gyaran yana kwancewa yana ɗaurawa, baƙin mai har gwiwar hannu. A rana ta uku ya ja igiya, injin ya yi tari ya yi shiru. Ya share goshi ya sake ja. Sai ga ruwa ya ɓalle daga bakin tiyo, fari fat, yana gudu kwari-kwari cikin gonaki. Manoma suka watsar da fartanya suna tsalle cikin laka, mata masu tsinka suka rangaɗa guɗa, aka ɗaga shi sama ana zagaya injin da shi, yana dariya hawaye na zuba. Kafin damina ta faɗi ƙauyuka uku ke jiran ya zo musu, ya ɗauki mutum biyu daga gidan dattijuwar yana koya musu, matarsa da ta daɗe a gidan iyayenta ta ɗauro kayanta ta dawo.

To, likita ya gama nasa a kan ƙaninka. Saura mai ba shi ɗaki, da mai ba shi aiki, da mai zama kusa da shi ranar da jiki ya motsa. Tashi ka nemo su, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.