Sunan Beba

Garifaliya ta kulle kabad ɗin takardun yara a gaban baƙin, ta murɗa makulli da ƙarfi don su ji ƙararsa, sannan ta jefa shi a aljihu ta daddaɓa.

"A gidan nan sirrin yaro sirri ne," in ji ta. "Ko uwata ce ta taso daga kabari, ba za ta ga takardar ɗan wani ba."

Duk wannan unguwa ta birnin Volos na ƙasar Girka an san ta da renon 'ya'yan ma'aikata, an kuma san ta da wannan kurin. Abin da ba a faɗa mata a ido shi ne, a gidanta kabad ne kaɗai ke da makulli.

Baƙin tsofaffi ne biyu. Ɗaya cikin baƙaƙen kayan takaba, hannunta duk ya yi kanta, ɗayar ta sha kitson shago tana tashin turare. Sun ce wuri suke nema wa jika. Garifaliya ta ji sanyi a ranta: tsofaffi biyu, ai jikoki biyu ke nan. Ga shi kuwa tun da aka buɗe makarantu gurbi biyu ya zauna mata fayau, in ba ta cike su ba, komawa za ta yi gugar benen mutane da wannan gwiwa tata.

Ta kawo kofi da ruwan sanyi da ɗan zaƙin lemo a cokali. Ta nuna musu gadaje, ta nuna tukwane, ta buɗe firji. Bakinta bai huta ba balle ta tambaye su suna. Su kuwa kowace ta kama ƙarshen kujera, tsakaninsu filin da saniya za ta kwanta. Ba wadda ta tambayi farashi, ba wadda ta tambayi abin da yara ke ci.

Ta ga suna neman kuɓuce mata, sai ta ɗauko abin da bai taɓa ba ta kunya ba. Ta rage murya don yara na barcin rana, ta ce ba za ta kama suna ba. Akwai yaron da aka ce ubansa na aiki a Jamus, alhali yana gidan yari. Akwai tagwayen da suka kawo mata ƙwarƙwata, uwarsu kuma likita. Tsofaffin ko gezau.

Mai turaren ce ta tambaya, kamar ba da wata manufa ba, ko duk yaran an yi musu baftisma.

Nan Garifaliya ta gyara zama. Saura ɗaya, wadda har yanzu Beba ake ce mata, kamar kowace jaririya kafin a furta sunanta a coci. Uwar yarinyar, Anthi, sai da ta sa Garifaliya ta dafa hoton Maryamu ta rantse ba za ta faɗa wa kowa zancen sunan ba har a gama bikin baftisma. Ta tuna rantsuwar sarai. Ta kuma tuna gugar bene.

"Kun san suna na kaka ne," in ji ta. "To, uban yarinyar ya je ya ce wa uwarsa sunanta za a sa. Matar ta je ta ce wa tata uwar sunanta za a sa. Su kuwa kakannin ba sa ga maciji, shi ya sa aka hana su sanin ƙofar gidan nan, kada su haɗu a tsakar gidana a ba ni aiki."

Ta zayyana musu komai. Uwar mijin ta bar wa ma'auratan benen sama na gidanta saboda sunan, 'yar ƙauye ce, wai in ta zo sai ta shafa yatsa a bayan tukunya ta shinshina. Mai turaren ta ɗan murmusa. Uwar matar kuma ta sayi gicciyen zinariya, ta kama wurin cin abinci a bakin teku, tana yanga kamar matar gwamna, alhali kifi mijinta ya sayar har ya mutu. Wannan karon mai takabar ce ta yi tari a bayan hannu.

"To wacce ta ci?" in ji mai takabar. Shi ne karon farko da ta yi magana tun shigowarsu.

Garifaliya ta yi dariya har da dukan cinya. "Mama, ba ko ɗaya! Tuni suka je ofis suka yi mata rajista. Nefeli. Sunan da ko waliyyi ba shi da shi, a talabijin suka tsinto. Sai ranar biki tsofaffin banzan za su ji daga bakin limamin coci, gaban jama'a, inda ba mai iya ɗaga murya. Ni dai zan zauna a gaba in ga fuskokinsu."

Ba wadda ta yi dariya. A hankali mai takabar ta ajiye kofinta, ta matso tsakiyar kujera. Mai turaren ma ta matso, har kafaɗunsu suka haɗu. Garifaliya ta ɗauka shawarar biyan kuɗin wata za su yi, ta miƙe tana lalubar makulli don ta ɗauko musu takardun cikewa.

Sai ƙofar ɗakin barci ta buɗe. Beba ta fito da ƙafa ɗaya ba safa, tana murza ido. Ta wuce Garifaliya kamar ba ta taɓa ganin ta ba, ta dafa gwiwar mai takaba ta ce, "Kaka," ta juya ta dafa ta mai turare ta ce, "Kaka."