Hawan Jigo a Kan Tudu

Shekarar Sualah uku yana aiki a wani wurin gyaran jiragen ruwa a Dubai. Ɗan Zangon Kumasi ne, gwani wajen hawan jigo, doguwar sandar nan da ake ɗaura wa ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi. Matsalarsa ɗaya ce, zargi. Ko sannu ka yi masa sai ya tsaya tunanin me kake nema.

A bazarar 2012 aka fito da wani jirgi kan tudu don a yi masa fenti, aka tokare shi da ƙarafa. Mai jirgin ya ce fitilar ƙololuwar jigon ta mutu, kuma Sualah ne yake so ya gyara masa ita.

Hadi, wani Bakano da ya fi shi daɗewa a aikin, ya ja shi gefe.

"Ka bari a mayar da shi ruwa jibi. A ruwa in ya karkata zai dawo daidai. A nan ƙarafa kawai ke riƙe da shi, nauyinka a can sama zai iya rinjayarsa."

"To Yaya Hadi, khalas, shi ke nan, na ji," in ji Sualah.

A baki ne kawai. Shi da ya sha hawa jigo igiyar ruwa na jijjiga jirgi, yau a tsorata shi da ƙasa? Kuma jibi ranar hutunsa ce. Lallai Hadi so yake ya ƙwace aikin, a yaba masa gaban mai jirgi!

Da aka tashi hutun tsakar rana kowa ya shige inuwa, sai Sualah ya sulale ya kama hawan jigon. Bai tambayi masu fenti komai ba, don a ganinsa bakinsu ɗaya da Hadi. Da ya tambaya, da sun gaya masa sun zare ƙarfe ɗaya don su shafe wurin da ya rufe.

Ya kusa ƙololuwa ya miƙa hannu ke nan, jirgin ya karkata. Bai dawo ba, ya faɗi ta gefe tare da Sualah.

Hadi ne ya fara isowa a guje, yana ihu, "Yalla, maza ku kira motar asibiti! Kada wanda ya ɗaga shi!"

Ƙashin bayan Sualah ya karye. Bayan wata huɗu aka mayar da shi Kumasi a keken guragu. Abin tausayi, har yau matarsa Sahada ce ke juya shi a kan gado.

Jama'a, jirgin da ke kan tudu ba a hawa jigonsa, a jira ya koma ruwa. Kuma in masanin aiki ya gargaɗe ka, fara duba haɗarin kafin ka tsaya binciken zuciyarsa.