Ba Ni da Takarda

Tun kafin ya durƙusa, Saif ya san inda bututun ban-ruwan ya tsage. Kunnensa ne ya gaya masa. Ya tone gindin dabino na goma sha bakwai, sai ga ruwa yana tsartuwa.

"Masha Allah!" in ji Ammu Abdulmajid, wato Baffa Abdulmajid, shugaban masu kula da wani lambun gwamnati a unguwar Ƙuba, can ƙasa mai tsarki. "Kwana uku injiniya yana neman wurin nan."

Saif bai ɗago ba. Tun yana ƙarami ba ya iya kallon mutum cikin ido. Hayaniya ce ta raba shi da makaranta, hasken fitilu kuma ya raba shi da aikin kanti. Likita ya ce tawahhud ne, wato ƙwaƙwalwarsa tana karɓar duniya ba kamar ta sauran mutane ba. A gida kuwa miskilanci ake kiransa. A lambun nan kaɗai kansa ke yin shiru.

Wata bakwai ke nan yana zuwa, ba tare da wani ya ɗauke shi aiki ba. Wata safiya aka gan shi yana tallafe wata 'yar magarya da iska ta kwantar, aka ƙyale shi, washegari ya dawo. Kullum da baƙar jaka a bayansa, da hula har gira, da riga mai kauri ko da rana tana ƙuna. In zai yi magana, a can ƙasan maƙoshi yake yi. In aka kira azahar ma'aikata suka nufi masallaci, sai ya ce zai tsare kayan aiki, ya yi tasa shi kaɗai a bayan ɗakin famfo.

Ran nan Ammu Abdulmajid ya kira shi gefe. Dattijo ne ɗan ƙasa, wanda kakansa ya zo aikin Hajji daga Katsina ya zauna, kuma da Saif kaɗai yake motsa Hausarsa a wurin aiki.

"Baladiyya, hukumar gari, za ta ɗauki mai kula da lambu ɗaya. Na ba da sunanka. Ka kawo mini takardarka ta shaida kafin Alhamis, khalas, shi ke nan."

Ba abin da Saif ya taɓa so a duniya kamar koriyar rigar ma'aikatan nan. Amma sai ya ja hularsa ƙasa, ya koma bakin aiki.

Ran Lahadi ya ce ya manta. Ran Litinin ya ce tana wurin mahaifiyarsa. Ran Talata ya yi ta kaɗa yatsunsa a cinya har dattijon ya gaji ya wuce. Ma'aikata suka fara ƙus-ƙus. Sun san irin wannan labarin: mutum ya shigo Umra ya maƙale, ko iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu da daɗewa.

Ran Alhamis Ammu Abdulmajid ya same shi yana sassabe busasshen ganyen dabino da almakashi. Ya rage murya.

"Ya waladi, ɗana, ni ba ɗan sanda ba ne. In iƙamar ce ta mutu, ka nuna mini, akwai hanyoyin gyarawa. Na tsaya maka a gaban mudir, shugabanmu, na ce masa kai tamkar ɗana ne. Kada ka ba ni kunya."

Jakar tana nan a gindin bishiya, taku uku tsakaninsu. Saif ya dube ta. Bai iya ƙarya ba, ko ƙarama ce takan tsaya masa a wuya kwana da kwanaki. Ya dubi takalmin dattijon.

"Ammu, ba ni da takarda. Ko ɗaya."

Dattijon bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa ma da ya fi sauƙi.

"Wata bakwai kana cin abinci da ni," ya ce a hankali. "To ka san ba zan iya barinka ka ƙara shigowa ba. In masu bincike suka zo, har da ni za su kama. Allah ya rufa maka asiri."

Saif ya wanke almakashin, ya rataye shi a ƙusarsa, ya jera shi daidai da sauran. Ya ɗauki jaka ya fita, bai waiwayi bishiya ko ɗaya ba.

A bayan wata tsohuwar gonar dabino akwai kangon da yake tsayawa kullum, safe da yamma. Ya shiga, ya cire hular, ya warware ƙyallen da ya ɗaure ƙirjinsa da shi, ya ja numfashi mai tsawo. Da ya buɗe jakar ya zaro abayar da zai saka ya koma gida, sai katin ya faɗo ƙasa: katin ɗan ƙasa ne lafiyayye, da sauran shekara huɗu a kansa, ga fuskarsa cikin baƙin mayafi, ga sunan da aka raɗa masa ranar suna, Raudatu.