Gidan Iskar Mashin Maidawa

Gidan iska na uku ke nan Maliki yake gwadawa a jikin mashin ɗin, shi ma ya ƙi zama. Ramuka uku sun hau kan noti, na huɗu ya kauce da faɗin yatsa.

Maliki ya yi jifa da sifana. Shekara tara yana gyaran babur a bakin tashar Bagudo, bai taɓa haɗuwa da mai taurin kai irin wannan tsoho ba. Maidawa sunansa, manomin shinkafa ne daga Kaoje. Tun da hantsi ya turo tsohon mashin, an shafe shi da koren fenti har kan noti, kafireto a buɗe yana shaƙar ƙasa. Ba gaisuwar kirki, ya ce a ɗaura masa gidan iska, akwatin robar nan da ke tace ƙura kafin ta shiga inji.

Matsalar a jikin ƙarfen gangar mashin ɗin take. An taɓa yin walda a ƙarƙashin kujera, maƙalin ya gusa daga wurinsa na asali.

"Baba, bari in huda sabon rami, minti biyar an gama."

"Ba ka huda man komi," in ji tsohon. "In ba ka da wanda za shi zauna da kainai, ka hwaɗi, in yi gaba."

Maliki ya kawo shawarar ɗaure shi da waya. Tsohon ya tofar da yawu gefe, ya ce ba akuya ya kawo ba. Maliki ya ce to a yanke maƙalin a sake walda. Tsohon ya dafa kujerar mashin, ya ce duk wanda ya kusanto ta da wuta sai dai su kwana a gaban alƙali.

A kan bencin gareji akwai mutum biyu da suka zauna tun safe, wai jiran motar Zagga suke yi. Motoci biyu sun cika sun tashi, suna nan suna ɓare gyaɗa. Masu gyaran da ke maƙwabtaka kuma sun fara leƙowa, don tsohon ba ya magana a hankali.

"An ce man kai ne gwanin tsohon mashin a ƙasar nan. Ashe suna ne kawai. Kayan kanti kaka ɗaurawa, kamar kowa."

Wani ya yi dariya daga rumfar mai faci. Da ba don furfura ba, da tuni Maliki ya tura mashin ɗin cikin kwata.

Ya shiga ɗakin ajiya ya tsaya. A bayan tulin tayoyi akwai wani buhu da ba ya kwancewa a Bagudo. Kayan cikinsa sai ya tsallaka iyaka yake sayar da su, a kasuwannin Benin, inda ba mai tambaya. Yawanci sun tafi, saura tarkacen da ba a so. Ya tuna akwai wani gidan iska a ciki mai ramin da ya kauce, shi ya sa duk wanda ya ɗaga sai ya ajiye. Daga waje muryar tsohon ta sake tashi, yana gaya wa jama'a cewa yaran yanzu ba su iya komai ba sai cika baki.

Maliki ya kwance buhun.

Ya fito yana kaɗe ƙurar akwatin da gefen rigarsa. Ya wanke soson ciki da fetur, ya matse, ya ɗiga masa baƙin mai. Ya zura bakin robar a kafireto, ya tura akwatin ƙarƙashin kujera. Noti na farko ya shiga, na biyu, na uku. Na huɗu ya shige ramin nan da ya kauce ba tare da an matsa ba.

Ya buga kik sau ɗaya, inji ya tashi, muryarsa ta kwanta lumui. Maliki ya miƙe yana duban masu kallo ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon bai yi murna ba. Ya durƙusa da ƙyar, ya shafa gefen akwatin da babban yatsa, ya daɗe a haka.

"Wa yas sayar maka da wanga? Kayan bola ne ko?"

"Ni ba na sayen kayan hannun kowa," in ji Maliki da ƙarfi, don na rumfar faci su ji. "Da hannuna na ciro shi daga jikin mashin."

"Da hannunka."

"Da hannuna, Baba. Sai ka biya ka ba ni wuri."

Mutanen nan biyu suka zubar da ɓawon gyaɗa suka miƙe. Ɗaya ya tsaya a ƙofar gareji, ɗaya ya zagayo bayan Maliki. A ƙarƙashin babbar rigarsa ana hango shuɗin yadin 'yan banga.

Maidawa ya kashe inji. Karon farko tun safe, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Garejinka ne na goma sha ɗaya. Ƙarfen kawai aka bar man a daji, sauran duk saye na yi na haɗa. Wanga rami ni na huda shi da ƙusa mai zahi, ran da na ba ɗana Zayyanu mashin."

Sai a lokacin Maliki ya gane abin da ke ƙarƙashin koren fentin: jan mashin ɗin da ya kwance bara da la'asar a dajin hanyar iyaka, mai shi yana kwance a gefe, jini bai gama bushewa a sifanar da ya buga masa ba.