Sulen da Ya Ƙi Fitowa a Hoto

"Miƙo hotunan in gani," in ji mahaifin yarinyar da nake zuwa ɗauka hoto, yana gyara sandarsa a kan cinya.

Na miƙa masa. Tun da aka canja kuɗi zuwa naira nake zarya a keke daga Gaya zuwa Toranke, da sabuwar kyamara da gilashinta mai mayar da ƙwayar gero kamar ƙwarya. Tun farko na ce masa ina koyon ɗaukar hoton tsofaffin sulalla ne kafin su ɓace, kuma babu masu kyau irin waɗanda 'yarsa ta kitse a gashinta. Na kuma ce gilashin ba ya gani sai an matso da shi taƙi ɗaya. Wannan kam gaskiya ne. Duk dawowa sai in ce hannuna ya yi rawa, sai an sake.

Ya jera hotunan a tabarma yana duba su. Ita kuwa tana bayan zana, ina jin tana danne dariya.

"Malam, ina sulen?"

Na nuna masa wani abu fari dishi-dishi a gefe.

"Wannan kuma fa, da ya fito tar, har da gashin ido?"



Ya sa ta kwance sule ɗaya daga kitsonta, ya ajiye a gabana. "Tafi da shi Gaya, ka ɗauka har ka ƙoshi. In kuwa idon kake so, turo manyanka. Su bar kyamarar a gida."