Rariya Mai Faɗi

Shekara shida ke nan da aka hana magana ta waya da rediyo, kowa sai aika saƙo da bugun Mos, gajeriyar ƙara da doguwa. Na kai rediyona gyara wurin Baba Ɗanjuma a Azare.

"Injiniya, har yanzu rariyar sauti mai faɗi? Sa matsattsiya mana, ki huta da hayaniyar mutane."

"Kunnena ya saba, Baba."

Ban gaya masa saboda faɗin rariyar ne nake jin bugun Lawandi, tsohon manemina, a gefen layina ba. Kullum da la'asar yana buga wa sabuwar budurwarsa Baraka a hankali, don ba ta iya sauri ba. Ni bai taɓa rage mini gudu ba.

"To, wacce zan ɗaura?"

"Mayar mini da tawa." Ranar da Lawandi ya gaji da jiran Baraka, ina so in ji da kunnena.