Sha Tara, Mama

Tun da Tanimu ya zauna a motar Zariya a tashar Kawo yake maimaita wa kansa: sha tara, sha tara. Sau biyu ana fitar da shi daga layin ɗaukar soja, wai shekarunsa sun wuce. Wannan karon ya zaftare biyar, ya rantse ko aljani ne ya tambaye shi, amsar ke nan.

Sai wata dattijuwa ta zuro hannu ta taga, ta riƙe nasa gam.

"Ɗana, shekarunka nawa?"

Wa ya sani ko uwar wani hafsan soja ce? Ya sunkuyar da kai. "Ai mu yara ne, Mama."

"Faɗa mini dai, don girman Allah." Idonta na kan tabon ƙunar da ke wuyansa.

"Sha tara, Mama."

Ta saki hannun a hankali. "To, ba kai ba ne. Nawa da yanzu yana da ashirin da huɗu. A tashar nan ya ɓace mini yana ɗan shekara uku, shekarar da motoci suka koma hannun dama. Allah ya tsare hanya."

Sai da mota ta hau titi maganar ta zauna masa. Marigayi Baba Direba, wanda ya raine shi, bai taɓa ɓoye masa ba: a tashar Kawo ya tsince shi yana kuka, shekarar da aka canza hannu.

Ya waiwaya. Mayafinta na nutsewa cikin jama'a.

Ya hau dukan jikin mota da hannu biyu.

"Direba, tsaya! Mama! Ƙarya na yi, wallahi ashirin da huɗu ne!"